Fallen Ƙarshe na Gafakar Kakana

Na fi shekara talatin ina dillancin hatsi a Kasuwar Muda Lawal, kuma ban taɓa karɓar buhu ban sa an auna a gabana ba. Amma na iya sa mutum ya karɓi kaya bai auna ba. Ka yi masa fara'a, ka kira shi da sunan girma, ka duba agogo sau biyu, sai ya ji kunyar ɗauko mudu. Da wannan dabarar na cuci wata baiwar Allah da ba ta taɓa yi min komai ba, kuma ba a kasuwa ba, a laburaren jami'a.

A gidanmu na Ƙofar Dumi akwai wata tsohuwar gafaka ta jar fata, irin jakar da malaman da suke adana littafi a ciki. Littafin da ke cikinta rubutun hannu ne, ba a ɗinke yake ba, falle-falle ne, wani da Larabci wani da ajami. Mun taso muna jin cewa na kakanmu Sambo ne. Iyakar abin da mahaifina ya faɗa ke nan. Sauran ni na ƙara. A majalisarmu ta ƙofar gida na mai da Sambo Malam Sambo, daga baya na mai da shi babban malamin da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa tun daga Katagum, na ce shi ya rubuta littafin da hannunsa. Na faɗa har ni ma na fara yarda. Ni dai karatuna aji huɗu ne na firamare, allo kuma ban yi nisa ba kasuwa ta janye ni. Ina iya haɗa baƙi a hankali in fitar da suna, amma in ja layi guda in gane abin da yake cewa, wannan ya fi ƙarfina.

Wata Asabar sai ga Dakta Auwalu, malamin tarihi a jami'a, ya yi sallama. Mahaifinsa tsohon abokin cinikina ne, shi ya ba shi labarin gafakar. Ya ce shi da mutanen laburare sun haɗa kai a kan wani aiki: suna karɓar tsofaffin littattafai daga gidaje, a ɗauki hoton kowane falle, a sa a intanet, ɗalibi ko yana ina ya buɗe a wayarsa ya karanta, littafi kuma ya koma wa masu shi.

Na ce, “To sunan wa za a sa a kai?”

Ya ce, “Sunan mai shi mana, Baba Alhaji. Da na gidan da ya fito.”

Nan take na hango sunan Malam Sambo a wayar kowane ɗalibi. Na shiga na ɗauko.

Da ya buɗe sai ya riƙe baki, ya ce fallayen a hargitse suke, na farko a tsakiya, na tsakiya a ƙarshe. Gaskiya ne, yara sun taɓa zubar da su aka tattara yadda aka samu. Ya ce jerawa sai an zauna a laburare, yanzu ƙirgawa kawai zai yi. Ya kama gefe yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, ya samu ɗari da arba'in da shida, ya rubuta a ɗan littafinsa. Aka kira la'asar, muka yi salla, ya ce in kai wa Madam Christiana, ma'aikaciyar laburaren, ranar Litinin, ita ke karɓa.

Bayan ya tafi na koma na zauna da gafakar. Akwai falle guda da na daɗe da sanin zamansa. Ya bambanta da sauran: an zagaye shi da jan tawada, rubutun yana tsukewa yana sauka kamar bakin mazurari. A tsakiyarsa akwai suna da na iya haɗawa tun ina saurayi, ha, fa, za: Hafizu. Gidan Malam Hafizu kuwa yana nan a lungu na biyu da namu, jikokinsa ne ke limancin masallacinmu har gobe. Shekara da shekaru abin da na ɗauka shi ne littafin nasu ne, kakana aro ya yi bai mayar ba. In Dakta ya karanta wannan fallen, sunan Hafizu za a sa, ni kuma in zama abin dariya a majalisa. Na zare shi, na sa a akwatin ƙarfe ƙarƙashin takardun gida, na kulle.

Ranar Litinin na hau keke na tafi. Ɗakin da suke aikin yana can ƙuryar laburare, sanyi kamar cikin randa. Akwai tebur mai fitila biyu da na'urar ɗaukar hoto a rataye tana kallon ƙasa, ga kwamfuta a gefe. Madam Christiana mutuniyar Bogoro ce, za ta yi shekara arba'in da biyar, gajera, da tabarau a rataye a wuya. Ta miƙe ta gaishe ni har da rusunawa, ta ba ni kujerarta.

Dakta ya leƙo yana sauri zai shiga aji. Ta ce, “Dakta Anjima, ina bayanin littattafan gidan Liman da ka ce za ka kawo?”

Ya ce, “Anjima kaɗan, Madam.”

Ta ce, “Ka ji ko, Baba? Sunan ke nan da muka sa masa. Ni in ɗauki hoto, in sa lamba, in ɗora, shi kuma ya gaya min mene ne a ciki don ɗalibai su iya nemowa. Nawa ya ƙare tun makon jiya, nasa yana anjima.”

Ya ce, “Ita fa da za ta samu dama, ni ma lamba za ta manna min a goshi ta ajiye a kanta.”

“Da ka fi sauƙin samu,” in ji ta. Ya fita yana dariya.

Ta ɗauko fom, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta ce, “Baba, bari mu ƙirga a gabanka. Haka dokar take.”

A nan na yi abin da na iya. Na duba agogo. Na ce mota tana jirana a kasuwa da masara daga Toro, direba ba ya da haƙuri. Na ce, “Ai Dakta ya ƙirga da hannunsa a gidana, ɗari da arba'in da shida, yana nan a littafinsa. Ko kin fi Dakta iya lissafi ne, 'yata?” Na yi dariya don ta zama wasa. Sai na ƙara wadda na san ita ce za ta kama ta: “Ko kuwa tsoho da furfurarsa ne ba a yarda da shi ba?”

Ta ce, “Haba Baba, wane ni.” Ta ɗauki biro. Sai ta rubuta ɗari da arba'in da shida, ta sa hannu, ni ma na sa. Har ƙofa ta rako ni. A keke ina ta jin daɗin kaina, kamar na sayar da tsohuwar dawa a kuɗin sabuwa.

Mako uku ban ji komai ba. Ranar wata Litinin ina rumfa sai ga Dakta, fuska ba walwala. Ya zauna a kan buhu bai ko kakkaɓe ba.

Ya ce, “Baba Alhaji, an samu matsala. Falle ɗaya ya ɓata.”

Na ce, “Subhanallahi. Wataƙila kai ka yi kuskuren ƙirga.”

Ya ce shi ma da farko haka ya so ya ɗauka, amma littafin da kansa ya ba da shaida. Ya buɗe wayarsa ya nuna min hoton wani falle, ya ja shi da yatsa har ya yi girma. A can ƙasa, gefen hagu, akwai wata 'yar kalma ita kaɗai, a rataye kamar an manta da ita. Na sha ganin irinta a kowane falle, na ɗauka ado ne.

Ya ce, “Masu rubutun da ba sa sa lambar shafi. Abin da suke yi, kalmar da za ta fara falle na gaba sai su rubuta ta a ƙasan wannan. Da ita muka jera littafin gaba ɗaya, ni ina karantawa Madam tana nemo hoton. Kowane falle ya kira ɗan'uwansa ya amsa, sai wannan. Ka ga abin da ya ce? Tammat. Wato an kammala. Fallen da ke fara da wannan kalma shi ne na ƙarshe, inda marubuci ke faɗin sunansa da shekarar da ya gama. Shi ne babu.”

Ashe na zare fallen ne na bar wanda ke kiransa.

Ya ce shugaban sashensu ya kai ƙara. Dama tun farko wasu malaman ba su so a ajiye littattafan a laburare ba, sun ce ma'aikatan can masu gadin kanta ne kawai, ba su san darajar abin da ke hannunsu ba. Yanzu sun samu abin faɗa. An ba Madam takardar tuhuma, kwamiti zai zauna ranar Alhamis. Ita ta sa hannu a kan ɗari da arba'in da shida, hoto kuma ɗari da arba'in da biyar. In ba a ga fallen ba za a cire ta daga aikin, a sa takarda a fayil ɗinta, ƙarin girman da take jira kuma ya wuce ta.

Ya ce, “Ni ma na yi mata magana mai zafi, Baba. Ban san ta da sakaci ba, amma takarda ba ta tashi da kanta.”

A nan ya kamata in yi magana. Abin da na ce shi ne, “Allah ya kyauta. Ka san aikin gwamnati.” Har na sa aka kawo masa ruwan sanyi.

Ranar Laraba da hantsi, ban fita kasuwa ba tukuna, aka ce ana sallama da ni, mace ce. Matata Hajiya Aishatu ta shigo da ita tsakar gida. Madam Christiana ce, ta yafa gyale saboda shiga gidan mutane, da wani ƙunshi a hannu. Aka ba ta kujera ta ƙi, ta durƙusa a bakin tabarmata.

Ta ce, “Baba, na zo in ba ka haƙuri da bakina kafin gobe. Shekara goma sha tara ina laburare, ko katin aro ban taɓa ɓatarwa ba. Na duba ɗakin nan sau ya fi goma, har ƙarƙashin kafet na ɗaga. Ban san yadda aka yi ba. Amma a hannuna ka ba da amanar kakanka, kuma a hannuna ya ɓata. Aikin in sun karɓe sun karɓe. Kai dai ka yafe min.”

Ta kwance ƙunshin. Ta buga hoton fallayen duka a takarda mai kyau, a jere yadda ita da Dakta suka jera su, ta sa an ɗinke da bango. A ƙarshe ta bar shafi ɗaya fari.

Ta ce, “Ko Allah zai sa a gan shi wata rana.”

Akwatin ƙarfen yana cikin ɗakin da ke bayana, bai fi taku biyar ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Ba komai, 'yata. Na yafe.”

Ta yi godiya har da hawaye. Hajiya ta raka ta zaure ta dawo, ta tsaya a kaina. Shekara arba'in muna tare, ta san fuskata ta ciniki.

Ta ce, “Alhaji, wannan yafewar taka irin ta ranar da ka sayar wa mutanen Darazo gero mai ƙwari ce. Me ka yi wa matar nan?”

Na ce ba ruwanta da harkar jami'a.

Ta ce, “Ba ruwana. Amma ranar da baƙon nan ya tafi na ji ƙarar akwatin ƙarfe, kuma ba gida za ka sayar ba.” Ta ɗauki littafin ta ɗora min a cinya, a buɗe daidai farin shafin, ta shige kicin.

Ranar ban je kasuwa ba. Na yi ta lissafin hanyoyi, don kaina bai iya zama ba lissafi. In ce na tsince shi a ƙarƙashin katifa. In aika da shi ba suna. In ce yara ne. Kowacce na auna sai in ga tana aiki, za ta fitar da Madam, ni ma ta fitar da ni. Amma duk wadda na ɗauka, sai in tuna na ce wa mace tana durƙushe na yafe mata laifina.

Alhamis da safe na sa fallen a cikin ambulan na hau keke. Kwamitin mutum biyar ne a wani ɗaki saman laburare, ga shugaban laburare, ga shugaban sashen su Dakta, ga Dakta da kansa, Madam tana gefe ita kaɗai a kujerar roba. Masinja ya hana ni shiga, na ce masa ni ne mai littafin, ya kauce.

Na ajiye ambulan a tebur. Na ce, “Ga abin da kuke nema. Bai taɓa zuwa ginin nan ba. Ni na zare shi tun a gida, bayan Dakta ya ƙirga. Ta ce mu ƙirga a gabana, ni na hana ta, na sa ta ji kunyar furfurata.”

Shugaban sashen ya ce, “Alhaji, ko dai mantuwa ce? Tsufa ya kan...”

Na ce, “Ba mantuwa ba ce, ranka ya daɗe. Da gangan na yi.”

Ban iya duban inda Madam take ba. Dakta ya miƙa hannu zai ɗauki ambulan, sai na ji muryarta: “Dakta, ba a nan ba. Akwai kofin shayi a teburin nan.” Ko a wannan hali aikinta take yi.

Muka sauka ƙasa gaba ɗaya zuwa ɗakin sanyin nan. Ta shimfiɗa farin ƙyallen, ta zaro fallen ta kwantar, ta kunna fitilu. Ya fito a fuskar kwamfuta ya cika ta, jan tawadar kamar jiya aka ja. Dakta ya matso.

Na ce, “Na san abin da ke ciki. Na Malam Hafizu ne. Ku sa sunansu, ni zan je in gaya wa jikokinsa da kaina.”

Ya ɗaga min hannu yana karantawa, leɓensa na motsi. Sai ya juyo ya dube ni wani iri.

Ya ce, “Baba Alhaji, wa ya karanta maka wannan?”

Na ce, “Ba kowa. Sunan na gani.”

“Sunan kawai?”

Sai ya fassara, a hankali, yana bin layi da bayan biro ba tare da ya taɓa gilashin kwamfutar ba. An kammala da yardar Allah, da hannun Hafizu ɗan Usmanu. Na rubuta shi ne domin maƙwabcina Sambo baduku, wanda ya ɗinka wa littattafaina gafaka shekara ashirin bai karɓi komai ba. Shi bai yi karatu ba, ya roƙe ni littafi domin 'ya'yansa da jikokinsa su karanta. Mallakarsa ne, kada wani daga gidana ya nema.

Wani daga cikin 'yan kwamitin ya yi tari. Ni dai na nemi kujera na zauna ba a ce in zauna ba. Takardar da na ɓoye don kada a ƙwace mana littafi, ita kaɗai ce shaidar cewa namu ne. Kakana ba malami ba ne, baduku ne, ya yi shekara ashirin yana huda fata don jikansa ya iya karatu. Jikan kuma ya haɗa baƙi uku ya tsaya, ya kusa cinye aikin wata a kansu.

Shugaban laburare ya ce to magana ta ƙare, za a janye takardar tuhumar yau ɗin nan. Shugaban sashen ya ce amma dai doka ta ce a ƙirga. Madam ta ce, “Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Wannan laifina ne, kuma ba zan sake ba, ko wane ne ya kawo.” Ba ta dube ni ba da ta faɗa, ba ta kuma buƙaci ta dube ni ba.

Da suka watse Dakta ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce, “Madam, maganar da na faɗa miki ranar nan...”

Ta ce, “Anjima, Dakta. Yanzu zauna ka ba ni bayanin fallen nan tun kana gabana.”

Ya zauna. Yana faɗa tana bugawa: sunan marubuci, shekara, abin da littafin ya ƙunsa. Ni ina gefe kamar buhun da aka manta. Da suka zo wurin sunan mai littafi sai ta tsaya, ta juyo gare ni karo na farko.

“Baba, a fom ka ce a rubuta Malam Sambo. Me za a sa?”

Na ce, “Sa Sambo Baduku.”

Ta buga. Sai ta jawo gafakar, ta juya ta a ƙarƙashin fitila, ta bi ɗinkin da yatsa. Ta ce wa Dakta wannan ma aikin hannu ne, kuma yanzu an san wanda ya yi, ya kamata ta samu lambarta. Ya ce ɗaliban da ke nazarin sana'o'in garin nan za su so ta. Ta ɗauki hotonta gaba da baya.

Na miƙe na ce, “'Yata, jiya na ce na yafe miki. Ba ni da abin da zan yafe. Ni ne...”

Ta ce, “Na ji, Baba.” Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma ga laifinta ba. Ta jawo sabon fom, ta gyara farin ƙyallen, ta tura min kujera kusa da tebur. “Littafinka zai koma gida yau. Zauna mu ƙirga.”

Wayata tana ta ruri a aljihu, yaran kasuwa ne, mota ta iso. Na kashe ta. Tana ɗagawa ina faɗa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, Dakta yana duba 'yar kalmar ƙasa yana gyaɗa kai. Mun fi rabin awa. Da muka kai ɗari da arba'in da shida ta miƙo min biro, ta nuna min inda zan sa hannu.